Fomular tan ɗaya a hannun mai kaji hamsin



Maganar yau ba lallai ta yi wa masu tura fomular abincin kaji a guruf-guruf na WhatsApp daɗi ba, amma ba da su nake ba. A ganina yawancin fomulolin nan da ke yawo lafiyarsu ƙalau. Wajen raba su ne ake yin ɓarna. An rubuta su ne don mai injin da ke haɗa tan ɗaya, wato kilo 1,000, sai su faɗo hannun saurayi mai buroila 50 a bayan ɗaki a Kalgo, ko uwargida mai kajin ƙwai 30 a Gwandu, wadda abincin da kajinta za su ci a mako bai wuce kilo 25 ba. Tsakanin 1,000 da 25 akwai lissafi, kuma lissafin nan da ka ake yin sa, a tsaye, a gaban mai shago, ana ciniki ana amsa waya.

To ni matsayina shi ne, duk wanda zai haɗa abinci da kansa ya mallaki abu biyu kafin ya sayi buhun masara: ƙaramin sikeli mai batir da ke auna giram, da jadawali a waya, ko Excel ko Google Sheets ko WPS, wanda zai riƙa yi masa rabon. In babu su, ya sayi abincin kamfani ya huta.

Bari mu ɗauki misali don mu ga inda gizo ke saƙar. Ga wani haɗi na buroilar da ta wuce mako uku zuwa huɗu, a kan kilo 100. Don lissafi na kawo shi, ban ce kowa ya kwafa ya ba kajinsa ba tare da ya duba ingancin kayan da ke hannunsa ba:

Masara 57
Garin waken suya da aka tatse mai 22
Ƙuli 9
Dusar alkama 8
Garin ƙashi 3
Gishiri 0.3
Firimiks 0.25
Metiyonin 0.25
Laisin 0.2

Ku tara, 100 ne cif. Ku lura da huɗun ƙarshe. Dukkansu a haɗe kilo ɗaya ne tak cikin ɗari. Amma a cikinsu ne bitamin da ma'adinan da ke riƙe ƙafar kaza suke, da sinadaran da ke sa ta yi nama a kan lokaci.

Yanzu a ce kilo 25 za ka haɗa. Masara ba matsala, kwatan 57 shi ne 14 da kwata. Ko ka sa 14 ko 14 da rabi, kaza ba za ta sani ba. Firimiks fa? Kwatan kilo ne a cikin 100, don haka a cikin 25 kwatan kwata ne. Ɗan uwa, tsaya ka faɗa wa kanka gaskiya, kwatan kwata nawa ne? Kashi ɗaya ne cikin 16 na kilo, giram 62 da rabi. Babu mudun da ke auna wannan, babu gwangwanin tumatir ɗin da aka yi wa zane a daidai wurin. Abin da na fi gani shi ne mutum ya riƙe kalmar “kwata” a kansa, ya manta cewa ta kilo 100 ce, ya juye giram 250 a buhu ɗaya. Ya zuba ninki huɗu ke nan na ɗaya daga cikin kayan da suka fi tsada a haɗin. Wani kuma ya ga takardar tan ɗaya ta ce 2.5, ta kilo 100 ta ce 0.25, ɗigon ya rikita shi.

Na firimiks ma da sauƙi, aljihu ne ya fi jin jiki. Gishiri ba ya yafiya. Giram 75 ne rabonsa a kilo 25. Ka ninka shi sau uku ko huɗu, za ka ga kaji sun kafa baki a ruwa, kashi ya zama ruwa-ruwa, shimfiɗa ta jiƙe tana wari, 'yan tsaki kuwa suna iya mutuwa. Daga nan sai a ruga shagon magani a ce cuta ta shigo, a sayo maganin da ba shi ne matsalar ba. In kuma ragewa aka yi, a firimiks ko garin ƙashi, ba ranar za ka gani ba. Sai bayan makonni ka ga buroila na gurfana ta kasa tashi, ko mai ƙwai ta fara sakin ƙwai mai laushin ɓawo, ka ɗora laifin a kan wanda ya sayar maka da 'yan tsaki.

Abin mamakin shi ne mu ba baƙin lissafin kaso ba ne. Gwandu garin malamai ne tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado ya ji sumuni da sudusi da rubu'i da sulusi. Ku lura da yadda malami ke yi. Ba ya fara yanka dukiya. Sai ya nemo asalin mas'ala tukuna: in akwai mai sumuni da mai sudusi, ya ce asalinta 24 ne, wannan ya ɗauki 3, wancan ya ɗauki 4. Bayan nan ko dukiyar buhu goma ce ko gona ce, rabon ba ya rikicewa. Aikin da jadawali zai yi maka ke nan. Asalinka 100 ne. Duk fomular da ta zo maka, ta tan ɗaya ce ko ta kilo 50, mayar da ita kan 100 ka rubuta sau ɗaya, kar ka sake taɓa ta.

Ga yadda ake tsara shi, kuma bai fi aikin minti goma ba. A layin A ka jera sunayen kayan daga gida na 2 zuwa na 10. A layin B ka sa kason kowanne cikin 100. A gidan E1 ka rubuta kilon da kake son haɗawa yau. Sai ka je C2 ka rubuta =B2/100*$E$1 ka ja shi har ƙasa. A D2 ka rubuta =C2*1000 ka ja, wannan zai ba ka giram. Alamar dalar nan ba ado ba ce, ita ke ɗaure E1 a wuri ɗaya. In ka bar ta, da ka ja lissafin ƙasa sai ya koma neman E2 da E3 inda babu komai, ya cika maka layi da sifiri. A ƙarshe, a B11 ka rubuta =SUM(B2:B10). In bai nuna 100 ba, kar ka auna komai, akwai abin da ya ɓace.

Gwada sa 35 a E1. Masara za ta fito 19.95, waken suya 7.7, ƙuli 3.15, dusa 2.8, garin ƙashi 1.05. Gishiri giram 105, firimiks 87.5, metiyonin 87.5, laisin 70. Wa zai yi wannan da ka bai yi tuntuɓe ba? Masarar ka cike ta 20, babu laifi. Amma ka ce 87.5 “ai kusan 100 ne”, ka ƙara kashi 14 cikin ɗari ke nan. Ƙa'idata ita ce, manyan kaya a cike su yadda ya yi sauƙi, ƙananan a bar su yadda suka fito.

Inda na fi jin daɗin jadawalin ma shi ne lissafin baya. Mu ƙananan masu kiwo ba mu cika farawa da “kilo nawa nake so” ba. Da abin da ke ɗaki muke farawa. Masara kilo 40 ta rage, me za ta haɗa? Raba 40 da 57 ka ninka da 100, za ka samu kilo 70 da ɗan ɗoriya. Sa wannan a E1, sauran su jeru da kansu, firimiks ya fito wajen giram 175. Ka san abin da za ka sayo a Birnin Kebbi ko Jega kafin ka hau mota, ba sai ka dawo ka tarar laisin bai isa ba.

Sai dai jadawalin ma yana da nasa halin, kuma dole in faɗa, don kar wani ya ce na tura shi rami. Excel ba ya son a rubuta masa kaso yadda muka koya a firamare. Ka rubuta 1/4 a gida, sai ya ɗauka kwanan wata kake nufi, ya mayar maka 4 ga Janairu ko 1 ga Afrilu, gwargwadon yadda aka saita wayar. Google Sheets ma haka yake yi. Abin bai tsaya nan ba, domin a cikinsa kwanan wata lamba ce, adadin kwanakin da ya ƙirgo tun daga farkon ƙarnin da ya wuce, kuma a shekarun nan ta haura 45,000. Wato ka ce masa kwatan kilo, shi kuma ya riƙe dubu arba'in da wani abu yana ninkawa. In ka ga jadawali ya ce ka zuba gishiri kilo dubu goma sha, ba aljanu ba ne, nan ne matsalar.

Kar wanda ya ji kunya a kan wannan. Masana kimiyyar ƙwayoyin halitta ma sun sha wuya a hannunsa. Akwai ƙwayoyin gado masu suna MARCH1 da SEPT1, Excel ya yi ta mayar musu da su 1 ga Maris da 1 ga Satumba a cikin takardun bincike, har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa waɗannan ƙwayoyi suna ya haƙura ya sauya sunayen, suka koma MARCHF1 da SEPTIN1. Su da digirorinsu ke nan.

Maganin mai sauƙi ne. Ko ka rubuta 0.25 kai tsaye, ko ka fara da alamar daidai, =1/4, shi zai yi rabon. A Excel kana iya rubuta sifiri, ka ba da tazara, sannan 1/4. Ni dai shawarata a bar kaso gaba ɗaya a layin B, a yi aiki da ɗigo: rabi 0.5, kwata 0.25, sumuni 0.125.

Wani tarkon kuma ya fi wannan shiru. Kar ka rubuta “2kg” ko “rabi” ko “kwano 3” a gidan lamba. Lamba kawai. Da ka haɗa ta da harafi ta zama rubutu, kuma SUM ba zai yi maka ƙorafi ba, tsallake gidan zai yi ya ba ka jimla kamar komai daidai. Shi ya sa na ce idonka ya kasance a kan B11. Haka kuma masu son jadawali ya yi kyau, su saita gidaje su riƙa nuna kwata-kwata ko lamba ba ɗigo: ku sani 0.0625 zai fito muku a matsayin 0. Lissafin na ciki daidai ne, amma kai da abin da ido ya gani za ka auna. Layin giram ɗin nan na D shi ne kariyarka.

Na san abin da wasu za su ce. “Malam, mu da mudu muka saba, kakanninmu sun yi kiwo ba sikeli.” Gaskiya ne, sun yi. Amma kazar Hausa da ke yawo a tsakar gida tana gyara wa kanta abinci: ta tsinci ƙwaro, ta ci ɗanyen haki, ta tona bola. In ka rage ta a wani abu, ta nemo a waje. Buroilar da ka kulle a keji mako shida ba ta da wani abinci a duniya sai wanda ka zuba mata. Kuskurenka shi ne abincinta safe da yamma.

Mudu kuma cika yake aunawa, fomula nauyi take nufi. Mudun dusa bai kai rabin nauyin mudun masara ba. Masarar da aka niƙa da wadda ba a niƙa ba ba ɗaya suke zama a kwano ba. Sabuwar masara ta kaka da ruwa a jikinta. Tiyar wannan kasuwa ba ta waccan ba ce, ga mai awo da tozo ga mai shafewa. Wanda ya karanta “masara 57, dusa 8” ya auna da mudu, wani abinci daban ya haɗa, ba wanda aka rubuta ba.

Ban ce a jefar da mudu ba, don na san ba kowa ke da babban sikelin rataye ba. Ga sulhu. Ɗauki mudunka guda ɗaya, wanda ba za ka canza ba. Cika shi da masararka yadda ka saba cikawa, auna a sikeli, rubuta nauyin a wani layi. Yi wa waken suya haka, da ƙuli, da dusa. Sai jadawali ya raba kilon kowanne da nauyin mudunsa, ya gaya maka mudu nawa. A nan kaso yana da amfani, mudu 7 da rabi, mudu 2 da kwata, duk ya wadatar. In ka canza buhu ko kaka ta shigo, sake aunawa. Amma gishiri, firimiks, laisin da metiyonin, waɗannan ba ruwansu da cokali ko murfin kwalba. Cokalin gishiri ya fi cokalin firimiks nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu mutanen Kebbi musamman. Allah ya ba mu shinkafa, ga manyan injina irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, ga ƙananan injinan casa a kusan kowane gari. Don haka dusar shinkafa tana kusa kuma da araha, kowa na son ya cire dusar alkama ya sa ta. Ana iya yi, amma ba kilo da kilo ido rufe ba. Dusar alkama na da furotin wajen kashi 15 zuwa 17, ta shinkafa mai kyau wajen 11 zuwa 13, wadda kuwa ta gauraya da ɓuntu ta faɗi ƙasa da haka sosai, kaza ta cika ciki ba ta samu komai ba. Tana kuma da mai, in ta daɗe a zafin nan namu sai ta yi ɗoyi. Haka masu sa dawa a madadin masara. Saboda irin wannan nake ƙara layi ɗaya na furotin: masara wajen 9, garin waken suya 44, ƙuli 40 zuwa 45. Ninka kason kowanne da furotin ɗinsa, raba da 100, ka tara. Misalinmu na sama yana ba da wajen 20, wanda ya dace da buroila mai girma. Ƙananan 'yan tsaki 22 zuwa 23 suke so, masu ƙwai 16 zuwa 17 da kalsiyam mai yawa. Duk abin da ka musanya, dubi jimlar nan ka ga inda ta nufa. Waken suya kuma in ɗanye ka saya a kasuwa, sai an soya shi ko an dafa, kuma lambarsa ba 44 ba ce tunda mansa na jikinsa.

Masu tarwaɗa, ku ma da ku. Naku lissafin ma kullum motsi yake, domin abincin kifi da nauyin jikinsa ake ƙiyasta shi. A ce kifi 500 gare ka, kowanne giram 100, kilo 50 ke nan a ruwa. In kana ba da kashi 3 cikin ɗari a rana, kilo ɗaya da rabi ne. Bayan mako biyu nauyin ya canza, adadin ma ya canza, tunda tarwaɗa na cin 'yan uwanta. Gida uku kawai kake buƙata: adadi, matsakaicin nauyi, kaso. Kamo guda 20 ka auna duk mako biyu ka sabunta. Wanda ke zuba abinci da “kofi uku kamar kullum” ko dai yana barin kifi da yunwa ko yana ruɓar da ruwansa da kuɗinsa. Ƙananan kifi kuwa, ni ban goyi bayan a haɗa musu a gida ba. Furotin ɗin da suke so ya kai kashi 40 zuwa sama, a saya musu na kamfani har su yi ƙwari.

Magani ma haka. In takardar ta ce giram 100 a lita 200, kai kuma jarkar lita 25 gare ka, giram 12 da rabi ne. Ba “ɗan kaɗan” ba.

Abin da jadawali ba zai yi maka ba shi ne gauraya. Giram 87 a cikin kilo 35, in ka watsa shi a kan tulin ka juya da shebur sau biyu, wata kazar za ta ci na kaji goma, wata ba za ta gani ba. Haɗa ƙananan huɗun nan da kilo ɗaya na dusa a roba, juya sosai. Ƙara kilo uku ko huɗu na garin masara, sake juyawa. Sannan ka kai kan babban tulin. Kuma karanta jikin ledar firimiks ɗinka, da yawa 2.5 ne a tan, amma ba duka ba, kuma na buroila daban na masu ƙwai daban.

Daga ƙarshe ka ƙara layin kuɗi: farashin kilo na kowane kaya a yau, sau adadinsa, ka tara, ka sa kuɗin niƙa da na mota. Raba da kilon da ka haɗa, ka kwatanta da farashin buhun kamfani in an raba shi 25. Wani lokacin, musamman da kaka, za ka ga riba a fili. Wani lokacin kuma, in masara ta hau da bazara, za ka ga wahalar banza kake shirin yi, ga firimiks da ka saya kilo guda wanda zai kwana wata da watanni a ɗaki mai zafi yana rasa ƙarfi. Mai kaji 20 ko 30, sau da yawa abin da ya fi masa shi ne ya sayi kwansantiret ya haɗa da masararsa yadda aka rubuta a buhun, ko su haɗu su huɗu ko biyar su haɗa kilo 200 tare su raba.

Wanda waya ke ba shi wuya, Kalgo cike take da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, a Gwandu ma ba a rasa ɗan sakandaren da ya iya. A ba shi wannan rubutun ya tsara maka sau ɗaya, ya fitar maka da na kilo 25, 50 da 100, ka kwafe a takarda ka manna a bangon ɗakin kaji. Sikelin kuma in ka sayo, gwada shi kafin ka amince masa: ɗora roba ka mayar da shi sifiri, zuba ruwa lita ɗaya, ya kamata ya nuna giram 1,000 ko dab da haka.

Allah ya sa albarka a kiwo.